Haske da Kalmar "Asara": Jan Hankali ga Masu Ƙirƙirar Kalmomi

Sunan da aka raɗa wa abu yakan yanke masa hukunci tun kafin a saurare shi. Shekara da shekaru injiniyoyi suna kiran hasken da gilashi ko silikon ke shanyewa "asara", don haka suka duƙufa wajen kawar da ita.

A 1998 Carl Bender da Stefan Boettcher suka nuna a lissafi cewa tsarin da ya saɓa wa ƙa'idar Hermite, wato wanda makamashi ke shiga yana fita, yana iya tsayawa daram muddin ɓangarorinsa biyu sun dace kamar mutum da surarsa a madubi. Masana haske suka gwada. A 2009 aka jera magudanan haske biyu kafaɗa da kafaɗa, aka riƙa ƙara wa ɗaya shanyewa. Da ta wuce wani mizani, sai hasken da ke fita ya ƙaru. A 2013 aka ƙera wani magudani na silikon wanda hasken da ya shigo ta wannan gefe ba ya dawowa, na wancan gefe kuwa yana dawowa. Ashe asarar makami ce.

A nan nake jan hankalin 'yan'uwana masu fassara kimiyya. In muka ce "asara", ɗalibi zai ji kasuwa ta faɗi, ya ɗauka aibi ne. Ni dai na zaɓi "shanyewar haske", domin ta faɗi abin da ya auku, ta bar wa gwaji hukunci.