Aibin gida da damina ake ganinsa

'Yan uwa fatake, da yawanmu in mun sayar da shanu a Legas, ribar a gida muke zuba ta, a Yamai ko Maraɗi. Abin mamaki, mu da ba ma sayen sa sai mun duba haƙoransa, sai ga mu mun sayi gida da kallo ɗaya, da rani, an toshe tsaga da siminti an bi da fenti.

Malamanmu na Malikiyya sun kasa aibin gida uku. Ƙarami ba a komawa kansa. Matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, a rage maka kuɗi gwargwadonsa. Babba kuwa, ka mayar da gida ka karɓi kuɗinka. Dokar Nijar ma ta ɗora ɓoyayyen aibi a wuyan mai sayarwa, amma wanda ido ke gani, to naka ne. Kuma in an gano, ba a jinkirin kai ƙara.

Ambaliyar 2020 ta nuna mana abin da ya sami Lamorde da Saga. Saboda haka mu je da damina, da maginin da muka yarda da shi, ba na dillali ba. Mu tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwana. Duk abin da mai gida ya faɗa, a rubuta gaban shaidu.