Binciken Mueller da tambayar da siyasar Amurka ta binne

Ranar 24 ga Maris 2019, ministan shari'a na Amurka, William Barr, ya aika wa majalisar dokoki wasiƙa mai shafi huɗu, ya ce a ciki ya kawo manyan abubuwan da mai bincike na musamman Robert Mueller ya gano bayan wata 22 yana binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen shugaban ƙasa na 2016. Kafin a saki rahoton kansa mai shafi 448 ranar 18 ga Afrilu, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Magoya bayan Donald Trump suka ce an wanke gwaninsu, dama can bita-da-ƙulli ne. 'Yan adawa suka ce rufa-rufa aka yi. Har yau a nan muhawarar take tsaye. A ganina ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda: sun auna binciken da makomar mutum ɗaya, ko zai faɗi ko zai tsira, alhali babban abin da aka bankaɗo ya shafi ƙasar ce baki ɗaya, kuma yana nan daram ko Trump na da laifi ko ba shi da shi.

Abin da ya tabbata ba ƙarami ba ne. A lokacin zaɓen, a birnin St. Petersburg akwai wani kamfani mai suna Internet Research Agency, wanda attajirin nan na kusa da shugaban Rasha Putin, Yevgeny Prigozhin, yake ɗaukar nauyinsa. Tun daga 2014 ma'aikatansa suke buɗe shafukan sada zumunta da sunayen bogi, yau su fito a matsayin baƙaƙen fata masu kukan zaluncin 'yan sanda, gobe a matsayin fararen fata masu ƙyamar baƙi, suna hura wutar duk wata gaba da ta riga ta raba Amurkawa. Har gangami sun shirya a biranen Amurka, mutane suka fito da tutoci ba tare da sun san daga Rasha aka gayyace su ba. Kamfanin Facebook ya shaida wa majalisa cewa saƙonninsu sun iya kaiwa ga mutum miliyan 126. Hanya ta biyu ta fi wannan muni. Jami'an leƙen asirin sojan Rasha, GRU, sun yi kutse cikin kwamfutocin jam'iyyar Democrat da akwatin imel na John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, suka kwashe dubban wasiƙu, suka miƙa wa WikiLeaks. Kashin farko ya fito ranar 22 ga Yuli 2016, ana gab da babban taron jam'iyyar, ya ci kujerar shugabarta Debbie Wasserman Schultz. Na Podesta kuwa aka fara sakinsa ranar 7 ga Oktoba, ƙasa da awa ɗaya bayan fitowar wani faifan bidiyo na kalaman batsa da ya kusa durƙusar da takarar Trump. A kan waɗannan ne Mueller ya tuhumi Rashawa 13 da kamfanoni uku a Fabrairun 2018, sannan jami'an GRU 12 a watan Yuli, da sunayensu da lambobin rundunoninsu.

Mai shakka zai ce ai wannan duk maganar masu gabatar da ƙara ce, ba a taɓa gwada ta gaban alƙali ba. Gaskiya ne ba wanda ya gurfana daga cikin Rashawan, domin Moscow ba ta miƙa 'yan ƙasarta. Sai dai kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawa, wanda 'yan jam'iyyar Trump ta Republican suke shugabanta, ya yi nasa binciken daban fiye da shekara uku, ya fitar da juzu'i biyar, ya kuma iso ga matsaya guda: Rasha ta yi shisshigi, kuma da nufin taimakon Trump. Lokacin da juzu'i na ƙarshe ya fito a Agustan 2020, Marco Rubio ne ke riƙe da kwamitin. Prigozhin da kansa, wanda ya daɗe yana musu, ya fito a Nuwamban 2022 ya amsa cewa sun yi katsalandan kuma za su ci gaba. Aikin ma ya taɓa ɓullowa ta ƙofar gidanmu: a Maris 2020 Facebook da Twitter suka rufe wasu shafuka da ake sarrafawa daga Ghana da Najeriya, masu alaƙa da mutanen wancan kamfani, waɗanda aka ɗauki matasan Afirka haya su riƙa tunzura baƙaƙen fatar Amurka.

Inda aka fi tafka gardama shi ne batun haɗin baki, kuma a nan ne 'yan adawar Trump suka yi azarɓaɓi. Shekara biyu wasu gidajen talabijin suna nuna wa masu kallo kamar gobe za a tasa ƙeyar shugaban ƙasa. Mueller ya ce hujjar da ya samu ba ta tabbatar da cewa kwamitin yaƙin neman zaɓen Trump ya ƙulla yarjejeniyar aikata laifi da gwamnatin Rasha ba. Wannan hukunci ne da ya kamata a karɓa yadda yake, ba tare da kwana-kwana ba. Amma rashin isasshiyar hujjar gurfanarwa ba shi ne tsarkin hali ba. Ranar 9 ga Yuni 2016, ɗan Trump da surukinsa Jared Kushner da Paul Manafort sun zauna da wata lauya 'yar Rasha a benen Trump da ke New York, bayan an yi wa ɗan nasa alƙawari a rubuce cewa za a kawo bayanan da za su ɓata Clinton daga gwamnatin Rasha. Manafort, yana shugaban kamfen, ya miƙa alƙaluman jin ra'ayin jama'a na cikin gida ga Konstantin Kilimnik, mutumin da kwamitin dattawa ya kira jami'in leƙen asirin Rasha. Ranar 27 ga Yuli Trump ya yi kira a bainar jama'a ga Rasha ta nemo imel ɗin Clinton da suka ɓace, kuma cikin awa biyar GRU ta kai hari na farko kan ofishinta. Babu wanda ya ɗaga waya ya sanar da hukuma a cikinsu. Dokar laifuka tana neman yarjejeniya, ba ta hukunta wanda ya ga ɓarawo yana yi masa aiki ya yi shiru yana murna. Mai zaɓe kuwa yana da ikon ya hukunta shi, kuma saboda haka yana da haƙƙin ya sani.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu cewa yarfe ne ita ce ɓarnar da hukumar bincike ta FBI ta yi, kuma duk mai adalci dole ya saurare ta. Kundin zarge-zargen da tsohon ɗan leƙen asirin Birtaniya Christopher Steele ya haɗa, da kuɗin kamfen ɗin Clinton da jam'iyyarta aka biya shi, kuma manyan zarge-zargen da ke ciki ba su tabbata ba. Duk da haka FBI ta jingina da shi wajen neman izinin kotu na sauraron wayar Carter Page, tsohon mai ba Trump shawara. A Disamban 2019 babban sufeton ma'aikatar shari'a, Michael Horowitz, ya lissafa manyan kurakurai 17 a takardun neman izinin, kuma wani lauyan hukumar ya amsa laifin sauya wani imel. Wannan abin kunya ne, kuma abin tsoro ga duk wanda ya san yadda jami'an tsaro kan zama sandar dukan abokan hamayya. Amma ina iyakar wannan hujja? Shi Horowitz ɗin ya ce an buɗe binciken bisa ƙa'ida ranar 31 ga Yuli 2016, kuma ba kundin Steele ne sanadi ba. Wani jami'in diflomasiyyar Ostireliya ne ya kai rahoton cewa George Papadopoulos, mai ba Trump shawara, ya nuna masa Rasha na da abin da zai cutar da Clinton. John Durham, wanda Barr ya naɗa ya binciki masu binciken, ya shafe shekara huɗu, ya caccaki FBI a rahotonsa na Mayun 2023, amma mutum biyun da ya kai gaban masu taya alƙali hukunci duka an sallame su, kuma bai rushe batun kutsen GRU ba. Dattin hannun ɗan sanda ba ya mayar da kayan da aka sace cikin ɗaki.

Wasu kuma cewa suke, to ko an yi, me ya canza? Tallace-tallacen da Rashawan suka saya a Facebook kusan na dala 100,000 ne, a takarar da ta ci fiye da dala biliyan 2, kuma ba a samu shaidar an sauya ƙuri'a ko ɗaya a na'ura ba. Ina tare da su rabin hanya. Clinton ta sha kaye da ƙuri'u kusan 78,000 a jihohin Michigan da Pennsylvania da Wisconsin, kuma a irin wannan ɗan tazara kowane dalili zai iya zama shi ne sanadi: wasiƙar shugaban FBI James Comey ta 28 ga Oktoba, ko rashin taka ƙafarta a Wisconsin bayan ta samu tikiti, ko fushin ma'aikatan da masana'antunsu suka rufe. 'Yan Democrat da suka ɗora wa Putin dukkan faɗuwarsu sun guje wa duba kansu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Amurkawa ne suka tsaga nasu bangon. Amma ba a auna laifin kutse da yawan ribar da aka ci. Ƙasar da za ta jira sai an tabbatar mata shisshigi ya juya sakamako kafin ta damu, ba za ta taɓa damuwa ba, don babu alƙalumman da za su buɗe zuciyar mai zaɓe.

Akwai kuma maganar da mai karatu a Afirka zai fi saurin yi: Amurka ce fa, wadda ta zuba kuɗi a zaɓen Italiya na 1948, ta sa hannu wajen kifar da Mossadegh a Iran a 1953, ta yi wa Allende zagon ƙasa a Chile. Masanin siyasa Dov Levin ya ƙirga sau 81 da ta tsoma baki a zaɓen wasu ƙasashe tsakanin 1946 da 2000, Moscow kuma sau 36. Laifi tudu ne, kuma Washington ta daɗe tana taka nata. Wannan tarihi ya hana ta bakin yi wa duniya wa'azi, amma bai halatta abin da aka yi wa ma'aikacin Michigan da bai san Mossadegh ba. Ƙasashe masu rauni ma su ne suka fi buƙatar a ce shisshigi haramun ne ko wane ne ya yi, domin su ne ba su da FBI ɗin da za ta gano shi.

Asalin matsalar, a nawa nazarin, tana ga makamin da aka ɗauka. An naɗa Mueller ranar 17 ga Mayu 2017, kwana takwas bayan Trump ya kori Comey, don haka tun daga haihuwarsa binciken ya zama shari'ar shugaban ƙasa. Mai gabatar da ƙara tambaya ɗaya ya iya amsawa: akwai laifin da za a iya tabbatarwa a kotu ko babu? Ko a nan ma hannunsa a ɗaure yake. Ya zayyana lokuta goma da ake zargin Trump ya yi yunƙurin daƙile binciken, har da umartar lauyan fadar White House, Don McGahn, ya sa a cire shi Mueller ɗin, amma ya ƙi yanke hukunci saboda tsarin ma'aikatar shari'a ya hana tuhumar shugaba mai ci. Bai tuhume shi ba, bai kuma wanke shi ba, sai kowane ɓangare ya cike giɓin da abin da ransa yake so. Kafin Trump ya sauka a Janairun 2021 ya yi wa mutanensa da binciken ya gurfanar, wato Manafort da Michael Flynn da Roger Stone da Papadopoulos, afuwa. Da tun farko an raba aikin gida biyu, a bar wa lauyoyi batun laifin ɗaiɗaikun mutane, a kafa hukumar ƙasa mai zaman kanta irin wadda ta binciki harin 11 ga Satumba 2001 ta faɗa wa jama'a yadda aka shigo da yadda za a toshe, da ɗan Republican ya iya yarda an kai wa ƙasarsa hari ba tare da ya ji kamar ya soke ƙuri'arsa ba. Kwamitin dattawa ya nuna hakan mai yiwuwa ne, amma juzu'insa na ƙarshe ya fito ana saura wata biyu da rabi wani zaɓen, lokacin da kunnuwa suka riga suka toshe. Binciken Mueller ya cancanci a yi shi, kuma abin da ya gano game da Rasha gaskiya ne. Waɗanda suka gaza su ne 'yan siyasar ɓangarorin biyu da suka mayar da tsaron zaɓen ƙasarsu kayan kamfen.