Injiniyan Tsara Masana'antu: Ƙwarewar Da Aikin Ke Bukata

A duk lokacin da aka ambaci injiniya, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne mai gyaran inji ko mai gina gada. Amma akwai wani injiniyan da aikinsa shi ne tsara yadda ma'aikata da injuna da ɗanyen kaya za su haɗu su samar da haja cikin sauri da rahusa, ba tare da ɓarna ba. Shi ne injiniyan tsara masana'antu.

Amfanin wannan fanni ya fito fili a shekarar 1913, lokacin da kamfanin Ford na Amurka ya sauya tsarin haɗa mota. Ma'aikaci ya tsaya wuri guda, aiki yana zuwa gabansa. Da haka lokacin haɗa mota ɗaya ya sauko daga sa'o'i 12 zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi.

Ƙwarewa ta farko da ake bukata ita ce lissafi da ƙididdiga. Wajibi ne injiniyan ya iya auna mintocin da kowane mataki ke ci, da yawan kayan da ke fitowa da aibi, ya kuma sarrafa alƙaluman a kwamfuta.

Ta biyu ita ce lura. Ba daga ofis ake gane inda aiki ke cushewa ba, sai an sauka cikin masana'anta an ga injin da ke zaman jira da kayan da suka taru a sito.

Ta uku ita ce sanin kuɗin da ake kashewa. A Nijeriya, inda ƙarancin wutar lantarki ke tilasta amfani da janareta, dole ne ya san nawa dizal ke ƙarawa a kan kowane yadi ko kwali. Tsadar makamashi da fasa-ƙwauri na daga cikin dalilan da suka durƙusar da masaƙu da dama a Kaduna da Kano.

Har ila yau, akwai iya zama da mutane. Sabon tsari ba ya tafiya sai ma'aikata sun gamsu cewa ba dabarar korarsu ba ce, sai kuma mai kamfani ya fahimci ribarsa a naira da kwabo.

Jami'ar Ibadan na cikin jami'o'in da ke koyar da fannin. Ɗalibai kan sami horon aiki ta shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ƙirƙiro, sannan bayan digiri da gogewa su yi rajista da hukumar COREN da aka kafa a 1970.

Saboda haka, kafin mai masana'anta ya ciwo bashin sayen sabon inji, ya kamata ya fara neman wanda zai nuna masa sa'o'in da tsohon ke yi a banza.