Gwajin Wiwi Ga Ma'aikata: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin A Karɓi Fitsarin Kowa

Mai shagon waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, da Alhajin da ya raba wa matasa adaidaita sahu suna kawo masa balans kowace yamma, da shugabar makarantar kuɗi a Gyadi-Gyadi da ke neman direban motar ɗalibai, duk tambaya guda ke damun su idan za su ɗauki mutum aiki: yaron nan yana shaye-shaye? A da, amsar tana wurin mai unguwa, ko limamin masallacin layinsu, ko wani dattijo da zai tsaya masa. Yanzu kuwa an fara jin wata magana a bakin masu ɗaukar aiki: a kai shi a yi masa gwaji kawai.

Maganar tana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. A jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Gwamnati ce ta fara buɗe ƙofar gwajin. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na Janairu 2021 an tilasta wa 'yan takara zuwa wurin hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka sanar cewa mutum 13 sun faɗi. Kafin zaɓen Oktoba 2024 an sake yi, hukumar ta ce ta samu mutum 20. Shugabanta, Janar Muhammad Buba Marwa mai ritaya, tun da ya hau kujerar a 2021 yake kira a riƙa gwada masu neman muƙami, da ɗalibai, da ma'aikata, har da masu shirin aure. Abin da aka soma da 'yan siyasa ba zai daɗe ba zai iso ga mai gadi da direba da yaron shago. Don haka ya kamata kowa ya san me gwajin nan yake nunawa, da kuma abin da ba ya iya nunawa.

Gwajin da aka fi yi shi ne na fitsari. Ana tsoma wani ɗan tsinke ko faranti mai layuka a ciki, cikin 'yan mintuna sakamako ya fito. Sinadarin da ke sa maye a wiwi sunansa THC, amma tsinken ba shi yake nema kai tsaye ba. Yana neman ragowar da hanta ke bari bayan ta sarrafa shi. Sinadarin wiwi yana maƙalewa a cikin kitsen jiki, yana fita a hankali a hankali. Wanda ya sha sau ɗaya, ana iya ganin alamar a fitsarinsa har kusan kwana 3. Mai sha lokaci zuwa lokaci, kusan mako guda. Wanda ya mai da ita abin kullum, yana iya yin wata ɗaya ko fiye da daina sha, fitsarinsa bai wanke ba. Shi kuwa mayen kansa, idan zuƙa aka yi, sa'o'i kaɗan yake yi ya sake.

A nan gizo ke saƙar. Gwajin fitsari kamar ganin toka ne a murhu: ya tabbatar maka an hura wuta, amma bai gaya maka ko yanzu tana ci ba. Matashin da ya tuba tun mako uku da suka wuce, ya rabu da abokan banza, ya zo neman aikin da zai riƙe shi, yana iya faɗuwa. Wani kuma da ya haɗiyi tiramol da asuba don ya iya kwana yana tuƙi yana iya tsallakewa, idan tsinken da aka sayo ba shi da layin tiramol, domin layin da ke kama kodin ba ya kama shi. Kodin ɗin ma cikin kwana biyu zuwa uku yake barin jiki. Duk wanda ya san Kano ya san wiwi ɗaya ce cikin abubuwan da ke cinye mana matasa. Akwai tiramol, akwai roci, akwai ekzol, akwai sholisho, akwai maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana a Mayun 2018. Mai aikin da ya tsaya a kan wiwi kaɗai zai kama wanda jikinsa ya fi daɗewa da riƙe shaida, ba lallai wanda ya fi haɗari ba.

Akwai gwajin yawu, wanda ya fi kusa da nuna shan da aka yi kwanan nan, cikin yini ɗaya ko makamancin haka. Akwai na gashi da ke komawa baya har kusan kwana 90. Sun fi tsada, kuma ba a ko'ina ake samun su ba.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsinken yana kuskure. A ƙa'idar masana, sakamakonsa na share fage ne kawai. Idan ya nuna akwai wani abu, sai an kai wannan fitsarin babban ɗakin gwaje-gwaje an tantance da na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke hukunci. An tabbatar cewa efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan da ake bai wa masu cutar ƙanjamau, yana iya sa wasu tsinkayen su nuna wiwi ga wanda bai taɓa ko riƙe ta ba. Ku duba halin da irin wannan bawan Allah zai shiga: ko ya yarda a kira shi ɗan wiwi, ko ya tona asirin ciwon da ya ɓoye wa kowa. Haka wanda likita ya rubuta wa maganin barci ko na ciwo mai ƙarfi bayan tiyata, layinsa zai nuna, alhali bai yi laifin komai ba. Shi ya sa kafin a karɓi fitsari dole ma'aikacin lafiya ya tambayi mutum magungunan da yake sha, a keɓe, ba a gaban maigida ba. Zama kusa da mai zuƙa kuwa da wuya ya sa mutum ya faɗi, sai fa idan an daɗe a rufaffen ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe.

Duk da wannan, ban yarda da masu cewa a bar gwajin gaba ɗaya ba. Ku tsaya a tashar Unguwa Uku da safe ku ga motocin da ke cika da mata da yara za su kama hanyar Zariya da Kaduna. Ku dubi yadda adaidaita sahu ke kutsawa tsakanin manyan motoci a titin Zariya da titin Maiduguri. Wiwi tana rage saurin ɗaukar mataki, tana rikita kimanta nisa da lokaci, tana raba hankali. Wanda rayukan mutane ke hannunsa, direba ne, ko mai sarrafa injin yanka a masana'anta, ko mai gadi da makami, ko ma'aikacin jinya mai riƙe da mabuɗin ɗakin magani, jama'a suna da haƙƙin a tabbatar da lafiyar hankalinsa. A irin waɗannan ayyuka gwaji kafin ɗauka, da gwaji bayan haɗari, da gwaji idan an ga alama ƙarara, duk suna bisa hanya. Amurka ma ta wannan ƙofar ta tsaurara: a 1987 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a jihar Maryland, mutum 16 suka mutu, aka gano matuƙin ɗaya ya sha wiwi. A 1991 aka yi dokar da ta wajabta gwada direbobin manyan motoci da matuƙan jiragen ƙasa da na sama.

Amma har a can an gane cewa ba kowane aiki ke buƙatarsa ba. A 2021 kamfanin Amazon ya daina gwajin wiwi ga yawancin masu neman aiki, ya bar shi ga ayyukan da dokar sufuri ta shafa. A Afirka ta Kudu, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta yanke a 2024 cewa an zalunci wata ma'aikaciyar ofis da kamfanin Barloworld ya kora saboda an ga wiwi a fitsarinta, tunda aikinta na kan tebur ne kuma ba a nuna ta zo aiki a buge ba. Sai dai kada a ɗauko hukuncinsu a ɗora mana yadda yake. A Afirka ta Kudu an halatta wa baligi sha a gidansa tun 2018. A nan haramun ce a dokar ƙasa bisa dokar tabar wiwi ta 1966 da kuma dokar da ta kafa NDLEA a 1989, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da laifin mallaka ko sha. Haramun ce kuma a addini, kuma babu uban da ke son ganin ɗansa a kanta. Darasin da za mu ɗauka daga wurinsu guda ne: a auna gwajin da nauyin aikin.

Kasancewar abin laifi ne a nan ma shi ya ƙara wa sakamakon nauyi. Takarda ɗaya da ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya raba mutum da aikinsa, ta rushe maganar aurensa, ta bar wa gidansu tabon da za a daɗe ana nunawa. A unguwa irin Darmanawa ko Daurawa, inda kowa ya san kowa, magana ba ta kwana. Doka ta san da haka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake taka-tsantsan da su na musamman. Dokar hana tsangwamar masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana a mai da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki, don haka fitsari ko jinin da aka karɓa da sunan gwajin ƙwaya bai halatta a duba wani abu daban a cikinsa a ɓoye ba. Ma'aikacin da yake ganin an kore shi ba bisa ƙa'ida ba yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a Kano. Gaskiya ne masu aiki da yawa a unguwannin nan ba su da takardar ɗauka, da baki aka yi magana, da baki ake sallama. Wannan bai sauke wa maigida nauyin adalci ba, ya ma ƙara masa, domin yaron ba shi da inda zai kai kuka.

Mai aikin da ya ƙudurta yin gwaji, to ya faɗa tun ranar ɗauka, a rubuce idan da hali, ya nemi amincewar mutum. Kada ya sayo tsinke a kemis ya yi da kansa a bayan shago, ya tura wurin NDLEA ko asibitin da ke da ƙwararru. Kuɗin gwajin ya fito daga aljihunsa, domin ɗora shi a kan wanda bai ma fara karɓar albashi ba zalunci ne. Dokar gwajin ta hau kan kowa, har da manaja da ɗan maigida. Gwajin da ake yi wa leburori kaɗai, ko wanda ake tsiro da shi ranar da ake neman dalilin korar wani, kowa zai gane manufarsa, kuma ba zai gyara komai ba.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: an gwada, an tabbatar, to sai me? Direban da aka samu a sauke shi daga mota a ranar, wannan babu jayayya. Amma sauke shi daga mota daban, jefa shi kan titi daban. Matashin da aka kora ba tare da an nuna masa hanyar magani ba, ba daina sha zai yi ba. Zai koma majalisar da ya koya, yanzu ba aiki, ba abin tsoron rasawa, kuma daga nan ne 'yan daba da masu ƙwacen waya suke samun sababbin yara. Unguwar da ta kore shi ita za ta kwana da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1996 ta ba da shawarar a ɗauki shaye-shayen ma'aikaci a matsayin matsalar lafiya, a fara da nasiha da magani kafin hukunci. Mu kuwa magani ba nesa yake da mu ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan a kan titin Zariya, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. NDLEA kanta tana da masu ba da shawara da wurin gyaran hali. A kira mahaifin yaron ko wanda ya tsaya masa, a yi magana a rufe, a ba shi wa'adi, a mai da shi aikin da ba a riƙe ran kowa, a sake gwada shi bayan wata ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi gyaruwa bayan an yi masa wannan, maigida ya fita haƙƙinsa.

Ku kuma masu neman aiki, idan aka ce za a gwada ku, ku tambayi me za a duba, wa zai ga sakamakon, kuma ina za a kai shi a tantance idan ya nuna wani abu. Ku tafi da katin asibitinku da takardar duk maganin da kuke sha. Wanda ya san yana sha, kada ya ɓata kuɗinsa a kan jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke fitsari, babu abin da ke fitar da sinadarin sai dainawa da lokaci. Ya je ya ga likita tun kafin takarda ta riga shi zuwa wurin maigida.