Idan Kamfani Ya Rage Ma'aikata, Da Me Za Ka Koma Gida?

Yawancinmu a nan makaranta tunaninmu ɗaya ne: a gama ND, a yi IT, a dawo HND, a yi bautar ƙasa, a samu aiki. Ranar da za a ce wa mutum "kamfani ya rage ma'aikata, kuma da kai a ciki" ba ta cikin lissafin kowa. To amma wannan rana tana zuwa wa mutane, kuma abin da yawancinmu muka ɗauka game da ita ba haka yake ba. Mun ɗauka doka ta yanka wani kuɗin sallama da dole a biya duk wanda aka sallama. A kamfanoni masu zaman kansu, babu wannan adadin.

Ni ɗan Ƙofar Mata ne. A unguwarmu akwai karofi, wanda aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa, kuma marini ba ya jiran takardar kora daga kowa: ramin na gidansu ne, ciniki ne kawai ke hawa da sauka. Amma a lungunanmu akwai dattawa da yawa da suka yi ƙuruciyarsu a masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Da masaƙun suka durƙushe, sun dawo gida ba su da rami ba su da shago, sai abin da aka rubuta musu a takarda. Wani ya samu abin da ya ja jari a Kantin Kwari, wani ko kuɗin mota bai tsira da shi ba.

Abin da ya faru a Kaduna kowa ya ji shi. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, tsofaffin ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Waɗannan fa mutane ne masu ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare. To ina ga wanda ba shi da kowa a bayansa?

Bari mu duba me doka ta ce. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya shi ne ya yi maganar rage ma'aikata. Ya ce kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. Ya ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama, sai dai ana iya duba ƙwarewa da riƙon amana. Wannan mu ya fi shafa, domin sabon ɗauka shi ne a bakin ƙofa. Batun kuɗi kuwa, abin da sashen ya ce kawai shi ne kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan abin da zai biya. Ƙoƙari fa aka ce, ba a faɗi ko sisi ba.

Abin da doka ta ƙayyade shi ne notis. A sashe na 11, wanda bai wuce wata uku yana aiki ba kwana ɗaya ne; daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya; daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu; shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis ɗin. Ka yi lissafi: mutum ya yi shekara ashirin, mafi ƙarancin abin da doka ta tsaya masa a kai wata ɗaya ne, sai albashinsa da bai karɓa ba.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe mu 'yan poli kai tsaye. Kalmar "ma'aikaci" a wannan doka tana nufin masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru da masu aikin fasaha. Wato kai da ka fito da HND a injiniya ko akanta, mai yiwuwa wannan ɗan abin ma bai rufe ka ba. Kariyarka tana cikin takardar ɗaukar aikinka, da kundin ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar ƙungiya idan akwai. Garatuti ma haka yake: in an rubuta, bashi ne a kan kamfani, in ba a rubuta ba, sai dai alfarma. Shi ya sa nake mamakin mai karɓar aiki da baki, wai oga ɗan unguwarsu ne. Ranar rabuwa ba a kai zumunci kotu.

Fansho shi ne wurin da ka fi tsira. A Dokar Fansho ta 2014, kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, kai kana zuba kashi 8, cikin asusu mai sunanka a kamfanin fansho da ka zaɓa, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Ko kamfanin ya rushe, kuɗin na nan. Idan aka sallame ka ba ka kai shekara 50 ba, kuma ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba, kana iya cirar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Sai dai fa wasu kamfanonin suna yanka a albashi su ƙi turawa. Ka riƙa duba saƙon da ke shigowa wayarka duk wata. In ka ji shiru, ka tambaya tun kamfanin yana da rai.

In ranar ta zo, kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi dukkan haƙƙinka kafin ka karanta ka yi lissafi. Ka riƙe takardar sallamar, domin kamfanin fansho zai neme ta. In an hana ka abin da aka rubuta, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma tana da reshe a nan Kano. Abin farko da lauya zai ce ka kawo masa shi ne takardar da aka ɗauke ka aiki da ita, da takardun albashinka na wata-wata.