Hasken Da Ke Fitowa Bayan Magariba: Jirgi Ne Ko Zara Ce?

A Tsamaye da garuruwan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa, shekarun rashin tsaro sun sa ana kallon sama da fargaba. Da an ga haske mai ƙarfi ya tsaya a yamma bayan magariba, sai magana ta tashi: jirgi maras matuƙi ne, ana leƙen gari. Tsoron yana da dalili, domin jiragen sojan sama kan ratsa yankin. Amma hasken nan fari tas, wanda ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara, yana gangarawa a hankali har ya faɗi kafin dare ya raba, galibi Zara ce, wadda kakanninmu ke kira matar wata.

Gane ta ba wuya. Zara ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, saboda haka ba za ka taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Ka daidaita ta da wata bishiya yau, gobe war haka za ka same ta kusan nan. Jirgi kuwa tafiya yake yi, da fitilu ja da kore. Tauraron ɗan'adam yakan ƙetare sama cikin 'yan mintoci, na Starlink da aka fara harbawa a 2019 wani lokaci a jere suke tafiya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne Zara takan yi kamar wata 8 tana fitowa da yamma, ta ɓace, ta koma gabas da asuba, inda ake ce mata Gamzaki. In ta dawo yamma, sai wanda ya manta da ita ya ɗauka baƙon abu ne.

Wasu na cewa Zara ce babbar taurari. Wannan ba haka ba ne. Duniya ce kamar tamu, ta ma ɗan fi tamu ƙanƙanta, kuma ba ta da hasken kanta. Na rana take maidowa, gajimaren da ya lulluɓe ta yana maido kusan kashi 3 cikin 4 na abin da ya sauka a kansa, ga ta kuma kusa da mu.

Masana suna da ma'auni na wannan haske, kuma tsoho ne. Batalimus, a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya kasa taurari daraja 6: mafiya haske daraja ta 1, waɗanda ido ke gani da ƙyar ta 6. Abdurrahman as-Sufi ya sake duba su da idonsa, ya gyara darajojin da yawa a littafinsa na shekara ta 964. A 1856 Norman Pogson, Bature ɗan Ingila, ya ɗaure abin da lissafi: tauraron daraja ta 1 ya ninka na ta 6 haske sau 100, kowane mataki kusan ninki 2.5 ke nan. Lambar tana raguwa, haske yana ƙaruwa, har a gangara ƙasa da sifili. Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, yana kan -1.46. Zara takan wuce -4.5, wato ta ninka Shi'ira fiye da sau 15. Cikakken wata -12.7, rana -26.7.

Sai dai ma'aunin nan abin da ya iso ido yake faɗa, ba ya faɗin ƙarfin tauraro na ainihi. Da daren hunturu ka dubi kudu: Shi'ira na sama yana walƙiya, Suhailu na ƙasa da shi, bai kai shi haske ba. Alhali Shi'ira ya ninka ranarmu sau 25 ne kawai, Suhailu kuwa fiye da sau 10,000. Hasken Shi'ira shekara 8.6 yake yi a hanya, na Suhailu kusan shekara 310. Fitilar hannu a ƙofar gida ta fi gobarar daji mai nisa cika ido. Sauya launin da Shi'ira ke yi in yana ƙasa-ƙasa, ja, shuɗi, fari, wanda shi ma kan sa a ce jirgi ne, iska ce mai motsi ke karkatar da haskensa.

Maganar dattawa cewa taurari sun ragu, ita kam tana da gaskiya ta fuskar gani. Suna nan yadda suke, idonmu ne ya rasa duhu. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya kama taurarin daraja ta 6, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Ga fitilun sola, ga ƙurar hunturu. Mai son gwadawa ya ƙirga taurarin 'ya'yan Kaza daga tsakar gidansa a daren da babu wata, fitila a kashe: lafiyayyen ido yakan ga 6 ko 7, a tsakiyar birnin Sakkwato ko Maraɗi kuwa da wuya a kai haka.