Yadda Waya Ke Goya Na'ura Zuwa Intanet

Jama'a, mai keke yakan goya wanda ba shi da abin hawa. Haka wayar salula ke goya wata na'ura zuwa intanet.

A 1996 kamfanin Palm na Amurka ya fito da wata 'yar kwamfuta kamar tafin hannu. Ana ajiye sunaye da ranakun alkawari a cikinta. Amma ba ta da layin kanta.

Samfurin 1998, wato Palm III, yana da ɗan ido mai aika hasken da mutum ba ya gani. Sai a ajiye na'urar gaban waya mai irin wannan ido, su fuskanci juna. Wayar ta buga lamba, saƙo ya wuce. In ɗaya ta goce, hanya ta yanke. Kuɗin kira kuwa, mai waya ke biya.

Yau waya na yin wannan goyo ba sai an fuskanci juna ba. Shi ake kira hotsifot. Amma har yanzu datar mai waya ce ke ƙarewa. Don haka ka sa lambar sirri. In an gama, ka kashe.